Babi na Shida: Lahadin Titin Maxwell

Duk wanda ya kalli tsofaffin hotunan kasuwar titin Maxwell ta birnin Shikago, cunkoso ne zai fara ɗaukar masa ido: huluna ba iyaka, amalanke a jere, tulin takalma a ƙasa, riguna rataye a bakin shaguna kamar an shanya wanki. Ni kuwa waya nake nema a hotunan. Wata doguwar wayar lantarki ce da kan fito ta taga ko ta ƙofar shago, ta bi ƙasa, ta ratsa tsakanin ƙafafun masu ciniki, ta je ta tsaya a wani kango inda wani baƙar fata ɗan Misisipi ke zaune bisa akwaku da jita a cinya. Mai shagon sau da yawa Bayahude ne, shi ko mahaifinsa daga Rasha ko Polan suka zo. Makaɗin yana son wuta don sautinsa ya danne hayaniyar kasuwa. Mai shago yana son taron da kiɗan zai tara masa a ƙofa. Wani lokaci a ba da wutar kyauta, wani lokaci a karɓi 'yan kuɗi. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan abu, kuma ba na jin mutanen biyu sun ɗauki juna 'yan'uwa. Ciniki ne ya faɗa, kowa ya ga ribarsa. Kusan duk tarihin kasuwar nan haka ya tafi.

Titin ya samo sunansa daga Dakta Philip Maxwell, likitan soja da ya yi aiki a sansanin Fort Dearborn tun Shikago tana ƙaramin gari. Yana kudu maso yamma da tsakiyar birni, inda ya gitta babban titin Halsted. 'Yan Ailan ne suka fara zama a wurin, sannan Jamusawa da 'yan Bohemiya. A watan Oktoba na 1871, gobarar da ta cinye Shikago ta tashi a titin DeKoven, jifa kaɗan daga nan, amma iska ta kaɗa ta arewa da gabas, unguwar ta tsira. Tsirar nan ta zame mata kaya. Yayin da ake sake gina sauran birnin da bulo da dutse, ita tana nan da tsofaffin gidajenta na katako, waɗanda gobara ta raba da muhalli suka kwararo ciki, masu gidaje suka yi ta yanka ɗaki suna tsuga haya. Cikin shekara goma ta zama irin unguwar da mai hali ke gudu, baƙo kuma ke nema.

Baƙin kuwa suna hanya. A watan Maris na 1881 'yan juyin juya hali suka kashe Sarkin Rasha, Alexander na Biyu, da bam. Aka ɗora wa Yahudawa laifi, aka shiga far musu a garuruwan kudancin daular, ana ƙone gidaje ana wawashe shaguna. A 1882 gwamnati ta ƙara da dokokin da suka hana su sabon zama a karkara ko sayen gona. Dama can an killace yawancinsu a yankin yamma, inda yau ake da Yukren da Belarus da Lituweniya da wani sashe na Polan, ba su da izinin zama a sauran ƙasar sai 'yan ƙalilan. Daga 1881 zuwa 1924, shekarar da Amurka ta yi dokar da ta kusan toshe ƙofa gaba ɗaya, Yahudawa fiye da miliyan biyu ne suka bar gabashin Turai suka tsallaka teku. Mafi yawa sun tsaya a New York. Dubban da suka wuce zuwa Shikago, titin Maxwell ne zangonsu.

Sun tarar da wasu Yahudawan a birnin, waɗanda suka zo daga Jamus tun shekarun 1840, suka yi kuɗi, suka aske gemu, suna Turanci kamar 'yan gari. Waɗannan ba su yi murna da ganin 'yan'uwan nasu masu dogayen riguna da harshen Yidish ba. Sun taimaka, ba za a hana su wannan ba: sun gina asibiti da makarantun koyon sana'a, sun ba da sadaka mai yawa. Amma irin taimakon nan ne da ake miƙawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana toshe hanci.

To, mutumin da ya sauka daga jirgi ba Turanci, ba jari, ba gona, kuma addininsa ya hana shi aiki ranar Asabar alhali masana'antu suna aiki ranar, me zai yi? Ko ɗinki ko talla. Yawancinsu dama da waɗannan sana'o'i suka taso, tun da an hana su noma. Mai talla kan fara da kwando ko ƙunshi a baya: allura, zare, maɓalli, ashana, igiyar takalmi. Wani ɗan garinsu da ya riga shi zuwa shi zai ba shi kayan bashi. In Allah ya sa wa abin albarka sai ya yi hayar amalanke, daga amalanke ya kafa tebur a gefen titi, daga tebur ya kama shago, iyali su zauna a sama ko a bayan shagon. Tsani ne mai matakala huɗu ko biyar, kuma abin da ya bambanta shi da sauran hanyoyin arziki a Amurka shi ne matakalar farko a ƙasa take. Ba a tambayar takarda, ba a tambayar asali. A titin Jefferson aka fara wannan hada-hada, da wuri ya yi kaɗan ta malalo zuwa Maxwell, ta zauna.

Dalilin da ya sa Lahadi ta zama ranar kasuwa mai sauƙi ne. Daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa faɗuwar rana ta Asabar, Bayahude mai riƙo da addini ba ya saye ba ya sayarwa. Ranar Lahadi kuma shagunan Kirista a rufe suke, lebura da ya yi kwana shida yana aiki ranar ce kaɗai yake da sukunin sayen wando. Hutun wani ya zama kasuwar wani. A 1912 majalisar birni ta amince da abin da ya riga ya kafu, ta ayyana wurin a matsayin kasuwa a hukumance, ta naɗa masa sarkin kasuwa mai karɓar kuɗin wuri kullum. Muƙamin na 'yan siyasa ne, kuma 'yan kasuwa sun daɗe suna ƙorafin cewa wuri mai kyau sai an ga hannunka.

Abin da ake sayarwa ya fi ƙarfin lissafi. Kaji da dinya da ransu, a kai wa mahaucin da addini ya yarda da yankansa. Kifi a cikin ganga da gishiri. Tabarau tuli guda, ka yi ta gwadawa har ka dace da wanda idonka ya karɓa. Kwat na gwanjo, takalmi ƙafa ɗaya, ƙusa mai tsatsa da aka miƙe, agogon da zai yi aiki har ka kai gida. Ga masu maganin da ke warkar da kowace cuta, ga masu wa'azi, ga 'yan damfara masu wasan kati uku. Daga baya, da motoci suka yi yawa, aka riƙa barkwancin cewa in an sace maka murfin ƙafar mota daren Asabar, je ka Maxwell da safe ka saye abinka. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan. Masu son a tashi kasuwar ne suka mai da barkwancin hujja.

A manyan kantunan tsakiyar birni, irin su Marshall Field, kuɗin kaya a rubuce yake, ba ragi ba ƙari. A Maxwell sai an taya. Mai kaya ya faɗi kuɗin da shi kansa ya san ba za a biya ba, mai saye ya taya rabi ko ƙasa, mai kaya ya dafe ƙirji ya rantse da 'ya'yansa, mai saye ya juya kamar zai tafi, a kira shi. Mai karatu da ya saba da jin "albarka" kafin a kai ga "na sallama" ba ya buƙatar bayani a nan. Ba'amurke ɗan gari ne abin ke ba mamaki, har ya riƙa zuwa kallo. Akwai kuma wata sana'a da wurin ya yi suna da ita, ta masu jawo mutane. Mai shago kan ajiye wani ƙato a ƙofa, aikinsa ya tare mai wucewa, ya yabi kafaɗarsa, ya kushe kwat ɗin da ke jikinsa, in ta kama ya riƙe masa hannun riga ya ja shi ciki. Da ka shiga, fita ba kaya sai mai taurin kai. Za a sa maka kwat ɗin da ya yi maka yawa, mai shago ya tattare rarar a bayanka da hannu yana nuna maka madubi. Wani shago ma a allonsa ya rubuta cewa cutar da zai yi maka ta adalci ce, har aka sa wa wani fim na tarihin kasuwar wannan suna. Ron Popeil, wanda daga baya ya yi kuɗi da tallan kayan kicin a talabijin, a nan ya koyi baki yana saurayi, yana yanka kayan miya a gaban taro.

Kada daɗin labari ya rufe mana ido. Bayan wannan hayaniya akwai ɗakunan ɗinki marasa taga inda miji da mata da yara ke haɗa wando ana biyansu bisa ƙidaya, akwai tarin fuka, akwai gidajen da iyali da yawa ke layi a famfo ɗaya. Abin da Jane Addams da Ellen Gates Starr suka gani ke nan da suka buɗe gidan Hull House a titin Halsted a 1889, don koyar da baƙi da kula da 'ya'yansu. A watan Satumba na 1910 wasu 'yan mata a wani ɗakin ɗinki na kamfanin Hart, Schaffner da Marx suka ajiye aiki saboda an rage musu rubu'in senti a kan kowane wando. Rubu'in senti! Kafin wani lokaci ma'aikata kusan 40,000 sun bi su, aka yi watanni ana yajin aiki. Masu kamfanin Yahudawa ne 'yan asalin Jamus, da yawa daga cikin masu yajin Yahudawa ne 'yan gabas. Daga wannan gwagwarmaya Sidney Hillman da Bessie Abramowitz suka fito suka zama jagororin ƙungiyar maɗinka ta ƙasa.

Masu rubuta tarihin unguwar suna son jero sunayen 'ya'yanta da suka yi fice, kuma jerin yana da ban sha'awa. Arthur Goldberg, ɗan mai tallan kayan gwari a keken doki, ya zama ministan ƙwadago a 1961, alƙalin Kotun Ƙoli a 1962, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1965. William Paley, ɗan mai naɗa sigari, shi ya gina gidan rediyo da talabijin na CBS. Benny Goodman, na tara cikin 'ya'ya goma sha biyu na wani tela, ya fara busa kilarinet a wurin ibadar unguwa, ya ƙara gogewa a ƙungiyar kiɗa ta Hull House, ya kai ga zauren Carnegie a 1938, kuma yana cikin turawan farko da suka hau dandamali a bainar jama'a tare da makaɗa baƙaƙe. Amma ni labarin da ya fi tsaya mini shi ne na yara biyu abokan juna. Ɗaya ɗan wani malamin addini ne mai ƙaramin shagon tireda, 'yan fashi suka harbe uban a cikin shagon, iyali suka watse, ƙanne aka kai gidan marayu. Yaron ya shiga dambe don ya tara kuɗin haɗa kan gidansu, ya zama Barney Ross, zakaran duniya a aji uku. Ɗayan, Jacob Rubenstein, duniya ta san shi da Jack Ruby, wanda ya harbe Lee Harvey Oswald a Dallas ranar 24 ga Nuwamba, 1963, ana kallo kai tsaye a talabijin. Da aka zo shari'a, Ross ya je ya ba da shaida a kan halin abokin nasa na ƙuruciya. Titi ɗaya ya raine su.

Wanda ya hau tsani ba ya zama a matakalar farko. Tun daga shekarun 1910 waɗanda suka samu suka fara ƙaura yamma zuwa unguwar Lawndale mai gidajen dutse da faffaɗan tituna. Louis Wirth, masanin zamantakewa na Jami'ar Shikago wanda ya rubuta littafi a kan unguwar a 1928, ya ce waɗanda aka bari a baya kan kira Lawndale da sunan Jamus, don zolayar masu kwaikwayon manya. Gidaje suka koma hannun wasu, amma shaguna suka zauna a hannun masu su. Mai shago ya kwana a Lawndale, ya wayi gari a Maxwell.

Sababbin masu haya daga kudu suka zo. A 1910 baƙaƙen fata a Shikago kimanin 44,000 ne. A 1930 sun haura 230,000. A 1960 sun wuce 800,000. Suna gudun noman auduga na bashi da ba ya ƙarewa, da dokokin wariya, da kisan gilla a rataye mutum a bishiya ba shari'a. Jaridar Chicago Defender ta yi ta kiransu su taho, jirgin ƙasa na Illinois Central ya kwaso su daga Misisipi da Luwiziyana da Tenesi ya sauke su a tashar titi na 12, wadda ba ta da nisa da kasuwar. Wasu sun ga kamar gudun gara ne aka faɗa gidan zago, domin a Shikago ma akwai unguwannin da masu gidaje suka yi yarjejeniya a rubuce ba za su sayar ko su ba baƙar fata haya ba, kuma a kantuna da yawa na tsakiyar birni ba a maraba da shi. A Maxwell kuwa kuɗinsa kuɗi ne. Ana jan hannun rigarsa kamar na kowa, ana cutarsa daidai da kowa, ana ba shi bashi, ana ɗaukar ɗansa aiki a shago. Su ne suka yaɗa sunan da aka daɗe ana kiran wurin da shi, wato garin Yahudawa. A bakin wasu zagi ne, a bakin mafi yawa suna ne kawai na inda ake samun araha. 'Yan Meziko ma sun fara zama a yankin tun shekarun 1920, suka mai da cocin Saint Francis ta titin Roosevelt cibiyarsu.

Da baƙin kudu kiɗansu ya zo, wanda ake kira buluz, kiɗan kukan zuci da mutum ɗaya kan yi da jita a bakin ɗakinsa bayan an tashi daga gona. Jitar katako ba ta da murya a tsakiyar dubban mutane da jiragen titi da masu shela. A nan wayar nan ta shigo. Da aka haɗa jita da na'urar ƙara sauti, sai sautin ya yi kauri, ya yi tsatsa, ya buƙaci ganga da za ta riƙe shi, kiɗan mutum ɗaya ya zama na ƙungiya. Ba a titin Maxwell kaɗai hakan ta faru ba, mashayun kudancin birnin ma sun taka rawa, amma titin shi ne makarantar da ba a biyan kuɗin shiga. Sabon zuwa ya kafa kayansa da safe, ya ajiye kwali, in ya iya a jefa masa kuɗi, in bai iya ba taron ya koma wajen na gaba. Little Walter, yaro ɗan Luwiziyana, a nan ya riƙa busa hamonika, 'yar ƙaramar abin busa ta ƙarfe da ke shiga aljihu. Shi ne ya shahara da haɗa ta da ƙaramin makirfo a cikin tafin hannu har ta riƙa kuka kamar kakaki. Faifansa na farko a 1947 aka ɗauka, a shagon gyaran rediyo na wani Bayahude, Bernard Abrams, a kan titin, ƙarƙashin ɗan ƙaramin kamfanin da ake kira Ora Nelle. Robert Nighthawk da Floyd Jones da Snooky Pryor da Big Walter Horton duk sun yi kiɗa a nan, haka Arvella Gray, makaho ɗan Texas da ya shafe shekaru yana tsayawa da jitarsa ta ƙarfe. Wanda ke son ganin yadda abin yake, akwai fim ɗin da Mike Shea ya ɗauka a 1964, And This Is Free, ba mai sharhi a cikinsa, sai kasuwa da muryarta.

Mataki na gaba shi ne kamfanin Chess, wanda Leonard da Phil Chess suka kafa a 1950. Su ma Yahudawa ne da suka zo daga Polan suna yara a 1928, mahaifinsu yana sana'ar jari-bola. Su suka fitar da Muddy Waters da Howlin' Wolf da Bo Diddley da Chuck Berry. Faya-fayen suka tsallaka teku suka faɗa hannun samarin Ingila, har ƙungiyar Rolling Stones ta ɗauki sunanta daga wata waƙar Muddy Waters, ta kuma zo Shikago a 1964 ta yi ɗauka a ɗakin Chess. A nan ma ba na son a shafa wa labarin zuma. Makaɗa da dama sun mutu ba su da komai, wasunsu sun kai ƙara kotu a kan haƙƙin waƙoƙinsu, kuma maganar kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ta daɗe tana yawo a tsakaninsu. Amma manyan kamfanonin faifai na lokacin ko kallon waɗannan mutane ba su yi ba. Wanda ya saba zama da kai a kasuwa shi ya san kana da abin sayarwa, ko da zai taya da araha.

Ko ƙamshin wurin gauraye ne. A kusurwar Maxwell da Halsted akwai rumfar Jim's Original, wadda Jimmy Stefanovic, baƙo daga Masedoniya, ya karɓa daga hannun gwaggonsa bayan zuwansa a 1939. Ya yi suna da naman da aka niƙa aka ɗura a hanji irin na 'yan Polan, a soya, a tula masa albasa, a sa a burodi. Ƙaurin albasar nan ne abin da tsofaffin 'yan kasuwar suka fi ambata. Ƙasa kaɗan kuma akwai shagon abincin Yahudawa na iyalin Lyon, inda wani yaro baƙar fata, Nate Duncan, ya kama aiki. Ya koyi jiƙa nama da kifi a gishiri yadda suke yi, ya koyi Yidish har yana zolayar tsofaffi da shi, da mai shagon ya tsufa shi ya saye wurin ya sa masa sunansa. Shagon ne aka nuna a fim ɗin The Blues Brothers na 1980 a matsayin gidan abincin Aretha Franklin, a fim ɗin da John Lee Hooker ke kiɗa a tsakiyar titin.

Ba rana ɗaya aka kashe kasuwar ba, yanka aka yi ta yi. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara gina babbar hanyar mota ta Dan Ryan, ta haɗiye gabashin kasuwar, ɓangaren da ya fi tsufa. A 1961 magajin gari Richard J. Daley ya zaɓi unguwar da ke arewa da ita don gina reshen Jami'ar Illinois. Wata mata 'yar asalin Italiya, Florence Scala, ta jagoranci matan unguwa suka yi zaman dirshan a ofishinsa, suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, suka sha kaye a 1963. Aka tashi dubban mutane, aka rushe gine-ginen Hull House in ban da biyu, jami'a ta buɗe a 1965. Daga nan kowa ya san inda za ta miƙa ƙafa. Masu gidaje suka daina gyara, gobara ta riƙa cin gini ɗaya bayan ɗaya, shara ta taru ba mai kwashewa, jami'a na sayen filaye tana kewayewa. Sai aka nuna ƙazantar aka ce ga dalilin da ya sa dole a tashi wurin.

Abin mamaki, kasuwar ta ƙi mutuwa. Kowane kango ya zama sabon fili na baza kaya. A shekarun 1980 da farkon 1990 ɗaruruwan 'yan kasuwa ne ke fitowa kowace Lahadi tun kafin asuba, yawancinsu yanzu 'yan Meziko da baƙaƙe, da 'yan Koriya da Larabawa a shaguna, da 'yan tsirarun tsofaffin Yahudawa da suka ƙi tafiya. Tayoyi, kayan aikin kafinta, kaset, barkono da masara, safa dozin-dozin. Wasu masana, cikinsu har da Steven Balkin na Jami'ar Roosevelt da Alfonso Morales, wanda shi kansa ya kafa tebur a kasuwar don bincikensa, sun yi lissafin abin da talakawa za su rasa in aka tashe ta, suka buga. Hujjarsu ita ce tsanin nan yana nan yana aiki, masu hawansa ne kawai suka canza. Ba a saurare su ba. Jami'a tana son filin wasanni da gidajen kwanan ɗalibai, masu gine-gine sun hango unguwa a gindin tsakiyar birni, magajin gari kuma a lokacin Richard M. Daley ne, ɗan wancan. Uba ya fara, ɗa ya ƙarasa. Ranar Lahadi, 28 ga Agusta, 1994, aka ci kasuwar ƙarshe.

Hukuma ba ta ce ta kashe ta ba, cewa ta yi ta mayar da ita titin Canal. Sabon wurin ya fi ƙanƙanta, kuɗin wuri ya ninka, sai da lasisi da takardu, kuma ba shago ko gida a gefe da za a jawo wuta daga ciki. Da yawa daga masu ƙaramin jari ba su bi ta ba. A 2008 aka sake ɗaga ta zuwa titin Desplaines, inda ta yi suna da abincin Meziko. A 2024 aka dawo da ita tsohon titin, ana ci jefi-jefi a watannin ɗumi, da rumfuna masu tsari da dandamalin kiɗa da hukuma ta shirya.

Tsofaffin gine-ginen kuwa, masu fafutuka sun nemi a sa unguwar cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, aka ƙi, suka sake nema, aka sake ƙi. Katafila ta shiga. An bar 'yan kaɗan, wasu kuma aka ɓalle fuskarsu ta gaba, bulo da tagogi, aka adana, aka manna a jikin sababbin gine-gine, ciki har da benen ajiye motoci. Unguwar yanzu sunanta University Village. Akwai gidajen shan kofi, akwai mutum-mutumin tagulla na makaɗi da na ɗan kasuwa a gefen hanya, da alluna masu bayanin abin da ya taɓa kasancewa a wurin. Shagon Nate yana cikin waɗanda aka rushe.

Akwai wani gini a titin da ya tsira da jikinsa cikakke, har ya samu shiga rajistar da aka hana kasuwar: ofishin 'yan sanda na jan bulo da aka gina a 1888, lokacin da laifuka suka yi wa yankin yawa har jaridu na kiransa Maxwell mai jini. Masu kallon talabijin na shekarun 1980 sun san fuskarsa daga farkon shirin Hill Street Blues. 'Yan sandan jami'a ne a cikinsa yanzu.